Kunama mai laushi: abin da bidiyon gyaran tsoffin bindigogin soja ba ya nuna maka

Makon jiya wani abokin karatuna da ke koyarwa a Birnin Gwari ya turo min bidiyo ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa: "Malam, ku da kuke bincike, wannan gaskiya ne ko talla ce?" Na buɗe. Wani Ba'amurke ne zaune a benci, da tsohuwar bindigar soja a gabansa, irin wadda sai an zuge ƙarfe da hannu kafin kowane harbi. Ya yi harbi uku a takarda, ramukan suka watse. Sai ya kwance bindigar, ya cire kunamarta ta asali, ya saka wata sabuwa da ya ciro daga kwali. Ya sake harbi uku, ramukan suka taru wuri ɗaya kamar an ɗiga su da biro. Ya juyo yana wa kyamara murmushi. Abokin nawa ya ce bidiyon yana ta yawo a wayoyin samarin da ke sintirin dare a unguwarsu, har wani daga cikinsu ya fara zancen kai tasa wajen maƙeri "a sassauta mata kunama".

Idan kana leƙa YouTube ko TikTok, mai karatu, ka san irin waɗannan bidiyoyi ba su ƙirguwa, kuma kusan duk zubinsu ɗaya ne: kafin gyara, bayan gyara, murmushi. Wannan shafi ba maƙera ba ce, don haka babu wanda zan koya wa taɓa bindiga a nan. Iƙirarin nake son mu ɗora a sikeli, tunda ya baro bencin Amurka ya iso bakin dajin Kamuku.

Daga ina abin ya samo asali?

Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, ƙasashe sun wayi gari da miliyoyin bindigogin da ba su san yadda za su yi da su ba. Akwai Mauser ta Jamus mai tsarin 1898, da Mosin-Nagant ta Rasha mai tsarin 1891, da Lee-Enfield ta Ingila, wadda kakanninmu suka riƙe a dazukan Bama, ita ce kuma dattawa ke tunawa a hannun 'yan sanda da sunan Mark 4. Aka riƙa jibge su a kasuwar Amurka da arha, har ta gidan waya ake saye. Bindigar Italiya da aka harbe Shugaba Kennedy da ita a 1963 ma ta haka aka saye ta, a kan kimanin dala 20. Maharban barewa suka yi ta saye, su rage katako, su ɗora madubin hange, sai suka tarar kunamar soja ta yi musu tauri. A 1946 wani mai suna Allen Timney ya kafa kamfanin ƙera kunamar canji domin irin waɗannan bindigogi, kuma kamfanin yana nan har yau.

Ka riƙe siffar mutumin da aka yi wannan kasuwa dominsa: yana fita farauta 'yan kwanaki a shekara, da rana tsaka, ya ƙoshi, ya yi barci, kuma dabbar da yake auna ba ta rama harbi. Za mu dawo kansa.

Gaskiyar da ke cikin bidiyon

Ba ƙarya mutumin ya yi ba da ya ce kunama mai tauri tana ɓata saiti. Lee-Enfield ɗin nan nauyinta kimanin kilo 4 ne, kuma kafin kunamarta ta saki sai yatsanka ya matsa da ƙarfin da ya kai kilo 2 da rabi zuwa 3. Wato kana jan abin da ya kusa kashi biyu cikin uku na nauyin bindigar da yatsa ɗaya, kana kuma son kada ta ko motsa. Ɗan lissafi zai nuna maka illar motsin. Tsakanin ma'aunin baya da na gaba akwai kimanin santimita 70. Idan bakin bindigar ya goce da milimita 1 kacal a lokacin da kake ja, a nisan mita 100 harsashin zai kauce da wajen santimita 14. Milimita 1 fa. Shi ya sa masu gasar harbi suke son kunama mai laushi, har sai da hukumar wasan ta kafa musu iyaka: a gasar ƙaramar bindigar iska ta mita 10 da ake yi a Olamfik, ba a yarda kunama ta gaza giram 500 ba. Kunamar canjin da ake sayar wa maharba kuwa yawanci tana sakin ne a kilo 1 zuwa 1 da rabi.

To, amma harbi uku ba gwaji ba ne. Duk ɗalibin da ya kawo wa malaminsa sakamako daga samfuri uku ya san abin da zai ji. Ramuka uku suna iya taruwa da sa'a, su kuma watse da rashin sa'a, da bindiga ɗaya, da mutum ɗaya, a yini ɗaya. Sannan kullum tsohuwar kunama ake fara harbawa, sabuwar ta zo bayan hannu ya warware, ido ya saba. Mai harbin ya san wadda yake riƙe da ita, ya kuma san sakamakon da yake so. Akwai wani abu ma da ya fi ba ni dariya: don ya canza kunamar sai da ya raba ƙarfen bindigar da katakonta, ya mayar, ya ɗaure kusoshin da suka yi shekara da shekaru a sake. Ɗaure su kaɗai yana canza yadda bindiga ke harbi. Abu biyu ya canza a lokaci guda, ya ba ɗaya lada. Ba mu kuma ga harbin da aka yanke wajen tace bidiyon ba, kuma da yawa daga masu irin wannan bidiyo kyauta kamfani ke aiko musu da kayan.

Gwajin da zai gamsar da mai bincike ba wani abu ne mai wuya ba: maharba da yawa, harbi goma ko fiye a kowane zagaye, harsashi daga kwali ɗaya, a riƙa sauya wadda za a fara da ita. Idan aka yi haka, ina kyautata zaton za a ga amfanin kunama mai laushi, sai dai ba zai kai abin da murmushin ke nunawa ba. Dalili kuwa, a tsohuwar bindiga ba kunama ce babbar matsala ba. Harsasan soja na wancan zamani suna barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi, gishirin ya jawo raɓa, raɓa ta kawo tsatsa. Bututun da ya shekara 80 yana shan wannan, zaren cikinsa da ke murza harsashi ya cinye, ko kunamar zinariya ka saka masa ba zai daina watsa harbi ba.

Me ya sa soja suka yi ta da tauri?

Nan ne bidiyon ya fi yi wa mai kallo rowa. Yana magana kamar injiniyoyin Mauser da na Enfield ba su iya aiki ba ne, sai yanzu aka samu masu gyara musu. Alhali da gangan suka yi.

A cikin bindigar da aka ɗana akwai allura, da sifirin mai ƙarfi a matse a bayanta, tana jiran ta doki gindin harsashi. Abin da ya hana ta tafiya ɗan haƙorin ƙarfe ne da ya maƙale ta. Aikin kunama shi ne ta janye wannan haƙori, shi kenan. Duk wanda ya taɓa ɗana tarkon gafiya ya san sauran labarin. Ka maƙala shi da zurfi, gafiya ta cinye abincin ta tafi. Ka maƙala shi a baki-baki, iska ma ta ishe shi, wani lokaci yatsanka zai fara kamawa. Kunamar soja mai hawa biyu dabara ce ta samun duka biyun: haƙorin yana maƙale da zurfi muddin ba a taɓa ba, jan farko mai tsawo ya kawo shi baki, ja na biyu ya sake shi. Wannan doguwar tafiyar da mai bidiyo ke kuka da ita, ita ce tazarar da ke tsakanin bindiga a ɗane da bindiga ta tashi.

Sun bar tazarar da faɗi saboda sun san wanda zai riƙe ta. Ƙurtu ne da bai fi wata uku da barin gona ba, hannunsa na rawa don sanyi ko tsoro, zai faɗa rami da ita, ya doki ƙofa da gindinta, laka ta shiga ko'ina, a kuma canza mata kayan ciki da na wata bindigar a filin daga. Kunamar canji tana rage wannan tazara, ta dogara da cewa an yanka ƙarfenta daidai da inji, an ƙarfafa shi, kuma zai zauna da tsabta. Yawancinsu a cikin ɗan akwati rufaffe suke. A ɗakin ajiya na Amurka wannan ba matsala ba ce. A hunturunmu, ƙurar da ke shiga har cikin agogon hannu ba za ta ƙyale akwatin ba, kuma idan ta haɗu da tsohon mai sai ta zama kamar ƙullu. Haƙorin da bai koma mazauninsa sosai ba saboda datti, tarko ne a baki-baki.

Sai kuma faɗuwa. A nan dole mu raba nauyi iri biyu, don ana yawan cakuɗa su: akwai ƙarfin da yatsa ke sawa kafin kunama ta saki, akwai kuma nauyin ɗan ƙarfen kunamar shi kansa idan ka ɗora shi a sikeli. Ka ƙaddara bindiga ta suɓuce daga tsayin mita 1, gindinta ya doki dutse, ta tsaya cak a cikin milimita 2. Raba mita 1 da milimita 2, ka samu 500. Ma'ana a wannan ɗan lokaci komai na cikinta yana jin nauyinsa ya ninka sau 500. Bindigar ta tsaya, amma ɗan ƙarfen da bai fi giram 10 ba yana son ci gaba da tafiya, da ƙarfin da ya kai kilo 5. Siffar ƙarfen da inda aka maƙala shi suna rage wannan adadi, amma ka ga inda aka dosa: ƙasa ma tana iya jan kunama. Wannan ba lissafin allo kawai ba ne. A 2017 an nuna cewa ƙaramar bindigar P320 ta kamfanin SIG Sauer tana iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa. Kamfanin ya ce ta cika ƙa'idojin gwaji, duk da haka ya buɗe shirin gyara kyauta, kuma cikin abin da ya canza har da rage nauyin ƙarfen kunamar.

Yatsanka ba kullum yake jin maganarka ba

Mai bidiyo yana ɗauka cewa kunama ba ta motsi sai mutum ya yi niyya. Masu nazarin jijiya da tsoka sun daɗe da sanin ba haka ba ne. Roger Enoka, masanin wannan fanni a Jami'ar Colorado, ya yi rubutu a 2003 a kan hanyoyi uku da hannu ke damƙewa ba da izinin mai shi ba. Ta farko razana: ƙara ta tashi ba zato, jiki ya ƙanƙame kafin ƙwaƙwalwa ta gane mene ne. Ta biyu tuntuɓe: ƙafa ta zame, hannu ya cafki duk abin da ke cikinsa. Ta uku ita ce mafi ban mamaki. Idan hannun hagu ya yi aikin ƙarfi, kamar riƙo reshe ko fizgo wani, saƙon yana tsallakawa hannun dama shi ma ya matsa. Kana iya gwadawa yanzu: riƙe biro sako-sako a dama, ka damƙe hannun kujera da hagu iya ƙarfinka, ka lura da yatsun daman.

A Frankfurt ta Jamus, Christopher Heim da abokan aikinsa sun saka na'urar auna taɓi a kunamar bindigogin 'yan sanda, suka tura su cikin wani yanayi na gwaji mai tayar da hankali. Sakamakon ya fito a 2006. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka zaro bindiga sun taɓa kunama, saɓanin horon da aka ba su, kuma da aka tambaye su ba su san sun taɓa ba. Waɗannan fa ma'aikata ne masu horo da albashi.

Kada ka ɗauka ina cewa kunama mai tauri laya ce. Damƙar hannun namiji baligi tana kai kilo 40 ko fiye, kuma rabon yatsan nuni a ciki ya wuce taurin kowace kunama. Rundunar 'yan sandan New York ta shekara da shekaru tana tilasta kunamar da ta haura kilo 5. Duk da haka a Nuwamban 2014 wani sabon ɗan sanda da ke sintiri a matakalar bene mai duhu a Brooklyn ya ji motsi, ya razana, bindigarsa ta tashi, harsashin ya doki bango ya dawo ya kashe wani matashi da bai san hawa ba bai san sauka ba. A 2021 kuma rundunar ta koma ba sababbin ɗauka kunama mai kimanin kilo 2 da 'yan kai, saboda ta ga sun fi samun saiti da ita. Masu sayar da kunama suna son kawo wannan labari na biyu. Abin da ba su faɗa shi ne, rundunar ta sauko ne zuwa kusan inda tsohuwar kunamar soja take tun asali, kuma ta yi hakan da kayan masana'anta, da ma'aikatan ɗakin makamai, da makonnin horo. Tauri ba ya hana babbar razana. Abin da yake tarewa shi ne ƙananan taɓi: gefen riga, igiyar rataya, ƙaya, yatsan da ya leƙa ya dawo. Waɗannan kuwa su suka fi yawa.

Ko masana'anta ma tana kuskure

Remington 700, wadda ta fito a 1962, tana cikin bindigogin farauta da aka fi saye a duniya, kuma santsin kunamarta na cikin abin da ya sayar da ita. Shekara da shekaru mutane suna kai ƙara cewa tana tashi ba a taɓa kunama ba, musamman lokacin da aka buɗe makullin kariya. A Oktoban 2000, a jihar Montana, wani yaro ɗan shekara 9 ya rasu lokacin da mahaifiyarsa ke ƙoƙarin cire harsashi daga irin wannan bindiga. Tashar CNBC ta yi dogon bincike a 2010, ta fito da takardun cikin gida da ke nuna cewa injiniyan da ya zana kunamar, Mike Walker, ya ba da shawarar a yi mata gyara tun 1948, gyaran da kuɗinsa bai kai santi 6 a kowace bindiga ba. Kamfanin bai taɓa amsa cewa akwai aibi ba, ya ce rashin kula da taɓe-taɓen masu bindiga ne. Amma a 2017 kotu ta amince da sulhun da ya shafi bindigogi kimanin miliyan 7 da rabi, inda za a canza kunama kyauta.

Ko ka gaskata masu ƙara ko ka gaskata kamfani, darasin bai canza wa mai niyyar zuwa maƙera ba. In masu ƙara ne da gaskiya, kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji ya kasa tsare wannan 'yar tazara. In kamfani ne da gaskiya, to datti da hannun masu gyara ne suka kashe mutane.

Mu dawo gida

A Najeriya babu kasuwar rarar bindigogin soja. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar soja, har da mai harsashin .303 da 7.62, cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. Bindigar farauta tana buƙatar lasisin Sufeto Janar, ta toka kuma na kwamishinan 'yan sanda, kuma gyaran bindiga shi kansa sai da izini. Bindigar sojan da ka gani a daji, ko dai an sato ta daga rumbun gwamnati ko an tsallako da ita iyaka. Binciken da ƙungiyar Conflict Armament Research ta fitar a 2020 a kan makaman da aka kama a Kaduna da Katsina da Zamfara ya bi sawun wasu har zuwa rumbunan Libiya da Kwaddibuwa, wasu kuma na jami'an tsaronmu ne. Abin da ke hannun maharbi ko ɗan sa-kai yawanci bindigar toka ce, ko mai baki ɗaya, ko ƙirar gida. Babu kwalin Timney da zai zo masa. Abin da zai tsallako daga bidiyon zuwa hannunsa shi ne ra'ayin kawai, cewa laushi shi ne inganci. Wanda zai aiwatar kuma maƙeri ne da magagari.

Ban raina wanda ke neman abin da zai ƙara masa ƙarfi ba. Mutanen da suka ga abin da ya faru a Dogon Dawa a Oktoban 2012, inda aka kashe kimanin mutum 20, da Gwaska a Mayun 2018, inda aka kashe fiye da 40, ba sa buƙatar wani daga jami'a ya yi musu bayanin tsoro. Wanda ya tsaya da harba-ka-ruga a gaban mai AK-47 dole ya riƙa tunanin yadda zai rage tazarar. Ban kuma raina maƙeranmu ba. Mutumin da ke gane zafin ƙarfe da launinsa ya san abin da yawancinmu ba mu sani ba. Matsalar tana cikin ƙarfen ne.

Ƙananan kayan cikin bindiga da yawa ba su da tauri har ciki. Fatarsu kawai ake ƙarfafawa, cikin ya zauna da laushi don kada ya karye, kamar ƙanzo a kan tuwo. Kaurin wannan fata sau da yawa bai kai milimita 1 ba. Magagari ya bi ta kai sau kaɗan, ƙanzon ya tafi, saura tuwo. Mugun abin shi ne ranar farko komai lafiya. Mai bindiga ya gwada, ya ji laushi, ya biya, ya yi godiya, ya gaya wa abokansa. Daga nan duk ɗanawa tana cin ɗan ƙarfen mai laushi, bakin haƙorin yana dulmuwa a hankali, babu alamar da ido zai gani daga waje. Wata uku ko shekara, ranar da zai saki da kansa tana nan tafe, kuma babu wanda zai danganta ta da gyaran da aka manta da shi. Za a ce tsautsayi ne. Masana'antar DICON da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, tana aiki da ma'aunai da tanderun da ake saita zafinsa saboda irin wannan. Garin neman gira ake rasa ido.

Yanzu ka ajiye mutumin benci a gefe, ka dubi mai sintiri. A bayan babur yake, su biyu ko uku, a hanyar da damina ta cinye tsakanin Kuyello da Damari ko ta wajen Randagi. Kowane rami bugu ne ga bindigar da ke rataye a kafaɗarsa ko a kwance a cinyarsa. Ya sauka, ya shiga ciyawar da ta fi shi tsayi, a layi, wani a gabansa, wani a bayansa. Dare ne. Bai yi barcin kirki ba kwana uku. Reshe ya ja shi, ya riƙo da hagu. Tsuntsu ya tashi fir daga ƙarƙashin ƙafarsa. Duk hanyoyi ukun da Enoka ya lissafa suna cikin tafiyar minti goma, ga faɗuwa, ga ƙura. Kuma bakin bindigar, a mafi yawan wannan lokaci, ba ɗan ta'adda yake kallo ba. Bayan direban babur yake kallo, ko ƙafar mai ita.

Yi wannan lissafin da kanka. Wanda ke sintirin awa 6 a dare, sau 4 a mako, yana ɗauke da bindiga sama da awa 1,200 a shekara. Lokacin da zai yi yana jan kunama da niyya a wannan shekarar, in ma ya ja, daƙiƙoƙi ne. Ribar laushi tana cikin daƙiƙoƙin, hasararsa tana cikin awa 1,200. Ribar ma a nan kusan babu ita. Bindigar toka da mai baki ɗaya watsa ƙwayoyi suke yi a ɗan gajeren zango, cikin duhu, a kan abin da ke motsi. Santimita 14 a mita 100 damuwar mai benci ce. Idan kuma harsashi ya samu babbar jijiyar cinya, mutum na iya ƙarewa cikin 'yan mintoci, alhali daga garin Birnin Gwari zuwa manyan asibitocin Kaduna tafiyar sama da kilomita 100 ce, balle daga cikin daji.

Tun ƙarshen Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya je aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya, mutane da yawa sun koma gona. Kowa da ra'ayinsa a kan ɗorewar sulhun. Amma ga abin da ya shafi batunmu, kwanciyar hankali tana ƙara tsawon lokacin da bindiga ke yi a jingine a bango ko a ƙarƙashin gado, a ɗakin da yara ke shiga, kaji ke tsalle, mace ke shara. Bindigar da aka sassauta ba ta san an yi sulhu ba.

Abin da ke rage irin wannan mutuwa sananne ne, kuma ba a sayar da shi a kwali, shi ya sa ba a cika yi masa bidiyo ba. Yatsa a miƙe a wajen kunama har sai an yanke shawarar harbi. Kada a hau babur da bindiga a ɗane. Bakinta kada ya bi ta kan mutum, ko da an rantse babu komai a ciki. Bindigar da ta taɓa tashi da kanta sau ɗaya a daina ɗaukarta. Binciken Frankfurt ya nuna horo ma yana zamewa a lokacin tsoro, don haka maimaitawa ake yi har ya zama ɗabi'a, ba lacca ɗaya ba. Jihar Kaduna ta ɗauki mutum 7,000 aikin rundunar sintirinta ta KADVS a 2023, aka ba su horo a kwalejin 'yan sanda. Maharba da 'yan sa-kan ƙauye da ba su shiga wannan lissafi ba su ne suka fi buƙatar wani ya zauna da su a kan waɗannan abubuwa huɗu, ko a fadar hakimi ne, ko ta bakin sarkin baka.

Na rubuta wa abokin nawa amsa mai tsawo, ya ce ba za su karanta ba, in taƙaita. Sai na ce to ya tambayi yaron wane ne yake tuƙa babur ɗin da yake hawa baya idan za su fita, kuma ko ya gaya masa abin da yake shirin yi wa bindigar. Ya ce ƙaninsa ne ke tuƙawa.